Ruwan Kwalbar Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya da uwa, ina fatan kina cikin rahamar Allah. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma tun da kika tafi ban sami wanda zan buɗe baki a gabansa ba, kuma maganar ta Baba ce, ke za ki fi kowa gane ta.

Kwana tara da kai ki makwanci, murar nan mai sarƙe numfashi da ta ɗauke ki ta kwantar da shi. Ya yi sati uku a asibiti nan Azare. Ƙanwarsa Goggo Hansai ta zo daga Sakwa, har yau tana tare da mu. Zazzaɓi ya tafi, tari ya tafi, aka ce ya warke. Sai dai daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango.

Shi ne ladanin unguwarmu tun ba a haife ni ba. Kin sha cewa idan ya ja kiran asuba, kina iya dama koko ki sauke bai kai ƙarshe ba. Ranar da ya koma masallaci ina wanke-wanke ya fara kiran azahar. Bai kai rabi ba numfashi ya yanke masa. Lasifika ta kawo hakinsa har tsakar gida, Inna, duk unguwa ta ji. Malam Sale mai gyaran keke ne ya ƙarasa. Dattawa suka ce Malam Sale ya riƙe kiran zuwa azumi, in har lokacin Baba bai iya ba, sai a bar wa Malam Sale gaba ɗaya.

Daga ranar Baba ya rage cin tuwo. Idan an fara kira sai ya sunkuyar da kai, leɓensa yana motsi.

Ni na raka shi da ya koma ganin likita. Wata ma'aikaciya ta gwada shi, ta ce huhunsa ya washe, tsokar da ke jan numfashi ce ta yi sanyi kamar ƙafar wanda ya daɗe a kwance, kuma sai ana motsa ta take dawowa. Ta ba shi ɗan siririn tiyo, ta ce ya tsoma a kwalbar ruwa, ya ja iska har ciki ya hura a hankali, safe da yamma. Ya ce to. Muna dawowa ya jefa tiyon bayan buhun gero. Na ji yana gaya wa Goggo shi da furfurarsa ba zai zauna wasan yara ba.

Kin san ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa zama na yi magana da shi ba. Ke ce mai kai saƙo tsakaninmu. Sau uku na je ƙofar ɗakinsa da maganar a bakina, sau uku na ce ruwan alwala na kawo.

Da na rasa yadda zan yi, na ciro tiyon na wanke, na sa a kwalba na ajiye kusa da butarsa. Bai taɓa ba. Sai na cire cikin birona na mai da ɓawon tiyo, na ɗebi ruwa a kofi, na zauna bayan zanar da ke jikin tagarsa, ina hurawa bayan la'asar. Goggo ta ce budurwa guda da ɗan yaye ba su da bambanci a gidan nan. Kunya ta kusa kashe ni, amma ban tashi ba.

Kwana huɗu ni kaɗai. A rana ta biyar na hura na tsaya, sai na ji ruwa yana ɓulɓul daga cikin ɗaki. Gajere ne, tari ya biyo baya. Na sake hurawa. Ya sake.

Haka muka yi wata biyu, ba wanda ya ga fuskar wani. Da farko nasa yana ƙarewa ni ban ko fara gajiya ba. Akwai satin da ya koma baya, ya yi kwana biyu shiru, na yi kuka a madafa. Sannan aka wayi gari ni nake riga shi ƙarewa.

Jiya, saura kwana uku a fara duban watan azumi, shi ya kira la'asar. Ba zan ɓoye miki ba, bai ja kamar da ba, kokonki ko tafasa ba zai yi ba. Yana hutawa tsakanin jimla da jimla, ni kuma ina tsaye da muciya a hannu ina sauraro. Amma ya kai ƙarshe, ba wanda ya karɓe shi. Bayan salla Malam Sale da kansa ya miƙa masa makullin akwatin lasifika.

Da ya shigo gida ya tsaya daidai zanar. Bai dube ni ba. Goggo ya duba, ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta canja ruwan kwalbar. Ba mu gama ba."

Na canja, Inna.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya miki shi. Allah Ya ƙara wa Baba ƙarfin ƙirji, Ya sa duk kiran da zai yi a kai miki rabonki na lada, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Taki 'yar fari,
Halima