Askar Sajan Dramani

Sabon Zongo, Ankara, 4 ga Maris, 1938

Daga Amama ungozoma zuwa ga jikana Mas'udu, a makarantar duba-gari ta Ikko.

Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, takardarka ta iso ta hannun masu goro. Kwana biyu na yi ina karatunta, ka san allona bai yi nisa ba. Ka riƙa yin manyan baƙaƙe, idona ba na budurwa ba ne.

Na ji an ba ka kaki da hular kwano, kuma ba gidan da ban kai labarin ba a layinmu. Matar mahauci ta ce wai yanzu tankas za ka dawo, kana leƙa randunan mutane kana kai su kotu a kan 'ya'yan sauro. Na ce to ta fara wanke tata.

Matarka Adiza lafiya. Cikin ya shiga wata shida, tana cin dokunu, tuwon masarar nan, kamar mai dako. Ni zan karɓi haihuwar, kuma da askar kakanka Sajan Dramani zan yanke cibi, yadda na yanke naka da na ubanka. Ba irin rezar banzan nan da nake saya a tire in mutanen unguwar Nima sun ɗauke ni daga kasuwa ba. Jiya ma na wasa ta a dutsen nan na bakin turken raguna.

Ka ci abinci, kar ka dawo mini ƙashi cikin kaki. Ka huta lafiya.

Ikko, 25 ga Maris

Zuwa ga Kaka Amama, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da Adiza, da mutanen gida. Kaka, da kin ga abin da na gani makon nan. Akwai wani madubi da ake leƙawa da ido ɗaya. Likitan da ke koyar da mu ya ɗiga ruwan rijiya ɗigo guda a ƙarƙashinsa, sai ga halittu suna iyo, wasu da jela, wasu suna juyi kamar masu rawa. Abokin ɗakina Kazeem kwana uku bai sha komai ba sai shayi.

Ga babban labari. An ce kowane ɗan ajin ƙarshe ya rubuta bincike a kan garinsu, wanda nasa ya fi kyau a wuce da shi babban aji. Ni na zaɓi jariran da ke rasuwa kafin suna, don su ba wanda ke kai sunansu ofis. Sai na tuna gwangwanayenki na ƙirgar haihuwa: kina jefa wuri ga wanda ya kai suna, ƙwayar tsamiya ga wanda bai kai ba. Don Allah ki ƙirga mini, na Sabon Zongo daban, na Nima daban. Na riga na faɗa wa Likita Nima ce za ta fi, tunda ba famfo, kwata a buɗe. Ya ji daɗi ƙwarai.

Ki gafarta mini, naki mai biyayya, Mas'udu.

Sabon Zongo, 16 ga Afrilu

Mas'udu, ina gaisuwa.

Ashe gwangwanina da kuke yi wa dariya ya zama karatu. Na shimfiɗa tabarma na zazzage, ni da Adiza muka ƙirga sau uku.

Na nan gida: wuri ɗari biyu da sha biyu, tsamiya arba'in da ɗaya. A cikinsu talatin ciwon nan ne da ke ƙulle wa jariri baki, ya ƙi nono rana ta biyar ko ta shida, jiki ya sandare. Ba sai na tambayi kowa ba, na san su.

Na Nima, shekara shida ke nan da suka fara kirana: wuri sittin, tsamiya huɗu. Ba ko ɗaya da baki ya ƙulle masa.

Ka faɗa wa Likitan sunana da kyau, Amama, kar ya lanƙwasa shi. Na gaya wa matan famfo ƙirgata za ta shiga littafin Turawa, matar mahauci ta ce ita ma tana da ƙirgar awaki in ana so.

Adiza ta ce a gaishe ka, ƙafarta ta ɗan kumbura, ba komai ba ne. Allah ya ba da sa'a.

Ikko, 6 ga Mayu

Kaka, ina gaishe ki da girmamawa.

Abin bai tafi yadda na so ba. Likita ya duba ƙirgar ya ce ba ta yiwuwa unguwa mai famfo ta fi unguwar da ba famfo mutuwar jarirai. Ya ce ko dai tsohuwa ta haɗa gwangwanayen, ko ni na ƙago. A gaban aji ya faɗa. Ya ba ni zuwa ƙarshen Yuni in kawo dalili, in ba haka ba takardata ta faɗi. Ko kin juya su ne, Kaka? Ba laifi ba ne in haka ne.

Amma ciwon da kika kwatanta mun yi darasinsa, kuma abin mamaki ne. Ba iska ba ce kamar yadda ake cewa. Ƙwayarsa a ƙasa take zama, musamman inda kashin doki ko na tumaki yake, tana shekaru ba ta mutu ba. Ba a shanta a ruwa, ta rauni take shiga. Mun gan ta a madubi, kamar ɗan makaɗin ganga. Ni da Kazeem mun duba ta rijiya, mun duba ta damina, ba mu ga inda Nima ta fi mu ba.

Ki yi mini addu'a. Naki, Mas'udu.

Sabon Zongo, 22 ga Mayu

Mas'udu, gaisuwa.

Ban juya komai ba. Kai da Likitanka kuna ta leƙen ruwa, abin ba a nan yake ba.

Da na karanta maganar kashin tumaki sai na ajiye takardar na fita na tsaya a kan dutsen. Ka san inda yake. Shekara talatin da wani abu raguna na fitsari a gindinsa, kashinsu na bushewa a kansa. Duk haihuwar da aka kira ni a unguwar nan sai na tsaya na wasa askar a wurin, in tofa yawu in goga, don ta yi kaifi kar yaro ya ji zafi. Ban taɓa sa ta a ruwan zafi ba, Sajan ya ce yana kashe ƙarfe. Su kuwa na Nima a kasuwa suke samuna, askar tana gida, sai in ɓare sabuwar reza daga takardarta ina mita.

Ga dalilinka nan. Talatin. Na san uwar kowane, biyu ƙannenka ne. Na yi alwala na roƙi Allah gafara, sannan na tafi kasuwa don kanwa ba ta sayar da kanta.

Ka rubuta. Da zan ga fuskar Likitan nan in ya karanta, da na so. Kai da madubi, ni da gwangwanin madara, kuma ni na riga ka.

Abu ɗaya nake so da gaggawa, Adiza ta kusa. Sabuwar reza ta isa, ko akwai ƙari? Zaren ɗaurin fa? Hannuna fa? Ka jera mini ɗaya bayan ɗaya, ban da dogon Turanci.

Ikko, 2 ga Yuni

Kaka, Allah ya saka miki.

Na karanta takardarki a tsaye, na kasa zama. Ga amsa: ki tafasa reza da zare har ruwa ya yi ta ɓararraka, ki wanke hannu da sabulu zuwa gwiwar hannu, kada a shafa wa cibin toka ko ƙasa ko mai.

Likita ya miƙe daga kujera da na faɗa masa. Ya kira sauran malamai, ya ce a sake karantawa. Amma ya ce sai ya ga shaida da idonsa. Kaka, ba zan sa sunanki ba, "wata ungozoma" zan rubuta. In zancen ya koma Zongo, wa zai sake kiranki? Wace uwa ce za ta gaishe ki?

Naki har kullum, Mas'udu.

Sabon Zongo, 24 ga Yuni

Mas'udu, barka.

Mace ce. Jiya aka yi suna, Memunatu. Yau kwananta takwas, tana tsotso har uwar na ƙorafi. Na jefa mata wuri a gwangwani.

Zancen ɓoye suna ka bar shi. Ni da bakina na faɗa wa mata a wurin sunan, na tafasa reza a gabansu. Wasu sun tashi sun fita. Matar mahauci, wadda nata biyu ke cikin tsamiyar, har yau ba ta amsa gaisuwata ba. Tana da gaskiya.

Askar tana cikin ƙunshin nan, ban goge ta ba. Ka kai wa Likita ya leƙa, kar ka dawo da ita. Ka rubuta Amama.

Ka huta lafiya.