Taraktar Da Ta Fi Ƙarfin Gonar Babana

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a sassauta mini, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan Dakoro ne, ina da shago a kasuwa. Babanmu yana da 'yar gona a hanyar Birnin Lalle, jigawa ce cike da itatuwan gawo waɗanda ya rena tun suna tsiro, ko wajen sassabe ba ya yarda a taɓa ɗaya. Da ƙarfinsa ya ja baya na ce zan saya masa tarakta. Ƙanena, wanda ya yi karatun noma, ya ce in sayi ƙarama, irin wadda ake riƙewa da hannu ana bin ta a baya, don ita ce za ta ratsa tsakanin itatuwa. Na ce, "Ni za ni shigo gari da amalanke mai inji a yi mini dariya?" Ya ce, "Yaya, gonar za ka duba, ba idon mutane ba." Raina ya ɓaci. Wanda na goya shi zai koya mini sayayya? Na tafi Maradi na zaɓo wadda ta fi kowace girma. Mai sayarwa bai tambayi faɗin gonar ba, ni ma ban faɗa ba.

Ranar farko ta kunyata ni. Garmarta ta fi tsakanin itatuwan faɗi, direba ya yi gaba ya yi baya har ya sauko yana tsaki, maƙwabta na kallo. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na ɗora wa itatuwa laifi. Sare gawo kuwa, ma'aikatan gandun daji ba su yarda ba, balle Baba. Sai bayan girbi, ran kasuwa da rana tsaka da babu kowa a daji, na ɗauki gatari na ɓare ɓawon manyan guda bakwai daga gindi, na zuba musu baƙin mai, na rufe da rairayi.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Baffa, wani dattijon Bafulatani aminin Baba. Kowace shekara bayan girbi yakan sauka gonar da shanunsa su bar mana taki, shi kuma Baba ya bar shi ya sassari rassa don dabbobi. Da itatuwan suka bushe, Baba ya tona gindinsu ya ga sara. Ya dube ni ya ce, "Wa ke riƙe da gatari cikin gonag ga in ba Baffa ba?" Kun san abin da na ce? Na ce, "Ai ka san halinsu, Baba." Da bakina! Mutumin da na sha nonon rugarsa tun ina rarrafe. Baba ya kore shi a ranar. Baffa ya same ni a shago ya ce, "Ɗana, kai ka san ni. Shekara talatin ina sauka gonag ga, yaushe na taɓa gindin icce? Gaya ma tsohonka." Na zuba masa shayi na ce Allah ya bayyana gaskiya.

Taraktar kuma? Da damina ta zo, garmarta ta birkice rairayin da zurfi, iska ta bunne shukar. Babu itatuwa, babu taki, gero ko rabin rumbu bai kai ba. Tana nan ƙofar gida kaji na kwana ƙarƙashinta.

Bana Baffa ya dawo ya sauka gonar maƙwabci, Baba ya kai shi ƙara wurin maigari, yana so a hana shi sauka ƙasar garin gaba ɗaya. Ranar Alhamis za a zauna, kuma ni Baba ya ba da a matsayin shaida, yana ta gaya wa mutane babban ɗansa ba ya ƙarya. In na faɗi gaskiya, tsohona mai hawan jini zai ji ta a gaban jama'a. In na rufe, zan dafa Alƙur'ani a kori mutumin da bai yi komai ba. Me zan yi?