Sadaka da kuɗin Rabi

Daren Juma'a, Tabotaki

Yau ma bakina ya jawo mini. Bayan salla Alhaji Mamman, mai rumbu huɗu cike da hatsi, ya miƙe ya ce gidansa ba ya bukatar tallafin gwamnati, ya bar ma marayu. Shi da ya tura matarsa ta wuni layi cikin rana ta amso kuɗin. Sadakar da ko aljihunsa bai san da ita ba, amma har da gyara hula yana jiran madalla.

Haushi ya ɗebe ni, na ɗaga hannu na ce, "Liman, mu ma mun bar namu." Anka yi ta sa mini albarka, ina ta kumbura.

Sai a ƙofar gida na tuna tallafin nan mata ake ba. Matata Rabi ta dube ni ta ce, "Baban Sani, yaushe ka zama alhaji? Na riga na sai ma ɗanka kayen rubutu da takalmin makaranta da kuɗin."

Alhaji ya kwana da yabo kyauta. Ni kuwa liman na jirana Juma'a mai zuwa, kuma marayu ba su cin albarkar da anka sa mini. Ran kasuwar Buza rediyona zai tafi, in kai ma liman kuɗin.