Sunana a Kan Dutsen Kabarinmu

Canko min wannan, Malam Hulusi, kai da ka saba sa duwatsu magana. Wace ce aka sassaƙa wa ɗaki a jikin tsauni, aka ambaci mijinta, aka ambaci uban mijinta, aka tsine wa duk wanda ya taɓa ƙashinta, amma shekara dubu biyu da ɗoriya ba wanda ya san da me uwarta ke kiranta? Kada ka yi gaggawa. Na san ka, kalma ɗaya takan cinye maka hunturu uku.

Ya tsohon zaitunina mai murɗaɗɗen kututture, inuwata ta rani, zumar da ta daskare a gindin tulu sai an sa cokali da ƙarfi! Ya kunkuruna mai yawo da gidan takardu a baya, mai farin kai irin na tsaunin bayan ƙauyenmu a watan sanyi, hasken idona mai tabarau biyu! Gaisuwa gare ka wadda ta fi 'ya'yan ɓaurenmu yawa, waɗanda ke zuba ƙasa suna ruɓewa don mai tsinka ya tafi neman matattu.

Yau kwana goma sha tara da ka hau mota zuwa garin Sart, wai wani manomi ya tono dutse mai rubutun Lidiyawa, mutanen zamanin da. Layi uku, rabinsu a karye! Da ni ce na karye gida biyu a cikin gona, anya za ka hau mota? Na rubuto ne saboda wayarka a kashe take, kuma saboda kai ka koya min cewa abin da ba a rubuta ba bai zama shaida ba. To ga shaida, da hannun wadda ta tsaya a aji biyar.

Jiya Jennet, matar Durmush mai sassaƙa marmara, ta shigo shan shayi bakinta na ƙaiƙayi. Ta ce ran Litinin mijinta zai fara aikin dutsenmu, wanda muka yi shawara a kafa tun muna da rai don kada yara su wahala. Ta zaro takardar da ka ba shi. A sama roƙon Fatiha, madalla. A ƙasa wasu haruffa kamar sawun kaji a taɓo, sannan fassararka: Hulusi ɗan Rushtu ya gina wannan don kansa da matarsa da 'ya'yansa. Na juya takardar, na duba baya, na ɗaga ta ga rana yadda kake yi. Matarsa! Wace matar? Na ɗaura kallabi na sauka wurin Durmush, ya ce shi ba ya ƙara ko ɗigo a rubutun Malam sai da sa hannun Malam, wai ka ce masa haka Likiyawa da yawa, masu kaburburan tsaunin nan, suke rubutawa. Likiyawa ne suka dafa maka miyar tarhana shekara hamsin da ɗaya? Likiyawa ne suka shafa maka mai a gwiwa?

Kada ka ɗauka ban gane aikinka ba, rumman na zuciyata. Ka ce harsunan nan uku, na Lidiyawa da Likiyawa da Luwiyawa, dangi ne, kakarsu ta mutu ba ta bar ko wasiƙa ba, sai a jera jikokin, a dubi hancin wannan da goshin waccan, a zana fuskar tsohuwar. Mu ma haka muke yi duk ranar da aka haihu a ƙauyen nan, ba wanda ya buga mana littafi. Ka yi shekara bakwai kana jera kati, ka faɗo min madafi da gudu, wai Luwiyawa na ce wa uwa anni, Likiyawa eni, Lidiyawa ena. Jikanmu mai rarrafe yana faɗin kusan haka tun safe har yamma, ba a taɓa gayyatarsa taro a Jamus ba.

Kuma kai ka nuna min tauraron nan. In ba a ga kalma rubuce a ko'ina ba, sai ku ƙago ta daga na dangi, ku ɗora mata ɗan tauraro a gaba, alamar zato ne. To ka hango. Bayan shekara dubu wani mai tabarau irinka zai tsuguna a kanmu, ya rasa sunana, ya leƙa kabarin dama, ya leƙa na hagu, ya ce matan wannan zamani yawanci Zubeyde ake kiransu, ya ɗora min tauraro ya tafi cin abinci. Zubeyde! Maƙwabciyarmu da ta shekara talatin tana miƙo maka goron ɓawo ta kan shinge tana gyara kallabi! In kwanta gefenka har tashin alƙiyama da sunanta a kaina? Sau nawa ka buga tebur kana zagin matattu da rowa, wai da sun ƙara kalma ɗaya tak da ka huta? Ga shi an miƙa maka marmara fari fes, ka fi su rowa.

Ka tuna ranar da muka haɗu kuwa? Ina kiwon awaki ƙarƙashin kaburburan tsauni, kai sabon malamin makarantar ƙauye, siriri kamar sandar wake, maƙale a kan tsani, takardarka ta bushe kafin ta ɗauki rubutun. Ka nemi ruwa. Na juye maka gorata kaf, ka jiƙa takardar, ka ce in danne gefe, kana bugunta da burushi har haruffan suka taso a jikinta kamar jijiyar ganye. Hannunka na taɓa nawa kana ba dutsen haƙuri! Awakina suka faɗa gonar mutane, na sha faɗan kwana uku. Ka tambayi sunana, kunnuwanka suka yi ja wur. Makon jiya na ga takardar a ƙasan akwatinka, ta yi rawaya, a kusurwa da fensir: Nefise ce ta riƙe. Na zauna a bakin gado, shayina ya huce ban sani ba. Ashe hannun ya iya! Tun daga ranar kuwa ba ka ƙara kiran sunana ba, sai ke, sai uwar yara, sai ina tabarauna.

Yanzu saurara, sanyin idona. Kwalayen takalminka goma sha huɗu suna nan cike da kati, na Likiya dabam, na Lidiya dabam, na Luwi dabam. Ba zan ƙona su ba, ni ba muguwa ba ce. Kowace safiya dai zan zare kati ɗaya daga Lidiya in cusa shi a Luwi, in ɗauko na Luwi in kai shi Likiya. Dangi ne ai, su yi zumunci. Yau na fara. Ba zan gaya maka wanne ba.

Rubuta layi ɗaya, ka sa hannu, ka ba direban motar safe ya kawo wa Durmush kafin Litinin. In ka zo da kanka ya fi, don ka bar maganin hawan jininka a kan taga, kuma kujerarka ta ishe ni da kallo. Ban nemi yabo ba, ban ce a rubuta na iya tuya ba. Da haruffan kajinka ma na yarda, in dai hannunka ne ya tsara su.

Taka ce ni kamar yadda saiwar ɓaure ke riƙe da dutse har ta tsaga shi, taka a doron ƙasa, taka a ƙarƙashinta. Ko wa ya riga wani, gefen hagu nawa ne, kuma ba za ka huta da bakina a can ba.

Amsar kacici-kacicin: matar mai kabari ce. Ta ƙarshen irin matan nan tana nan da rai, sunanta Nefise, kuma Durmush ya auna, ya ce akwai wurinsa a kan dutsen.