Ƙwaya Goma a Bakin Taga

Litinin, 3 ga Maris
Na dawo daga gida jiya, awa goma a mota. Likita ya tabbatar, ciwon mantuwa ne ke damun Umma. Ƙwaya ɗaya kowace safiya, kada a tsallake, kada a ninka. Yaya ya ce wata ɗaya ya ba ni. In maganin bai shiga cikinta yadda ya kamata ba, zai kulle gidan ya ɗauke ta zuwa wurinsa, bene hawa na huɗu. Umma da ta shekara arba'in tana share tsakar gidan nan da hannunta!

A bakin ƙofa ta riƙe min mayafi ta ce, "Auta, kar ki bari su fitar da ni."

Na ce ba zan bari ba. Faɗa dai ba wuya.

Laraba, 5 ga Maris
An fara. Na bar mata akwatin magani mai gida bakwai. Ƙarfe takwas zan kira ta daga matakalar ofis. Da rana Mai ɗinki, maƙwabciyarmu, za ta leƙa ta duba ko gidan ranar ya zama wayam, in mako ya zagayo ta sake cika shi.

Na ce, "Umma, lokacin magani ya yi." Ta ce, "To, ga ni nan." Ba musu, ba gardama. Har mamaki ya kama ni.

Asabar, 8 ga Maris
Gida huɗu wayam. Na tura wa Yaya hoton akwatin da Mai ɗinki ta aiko min, ina fankama. Amsarsa: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wannan mutum!

Juma'a, 14 ga Maris
Mai ɗinki ta kira, muryarta wata iri. Ta shiga tsohon ɗakina za ta buɗe taga, sai ga ƙwaya goma jere a bakin tagar, da ƙaramin kofina na roba cike da ruwa. Ko ɗaya Umma ba ta sha ba.

Da ta tambaye ta, sai ta ce, "Ai na Auta ne. Kullum sai ta kira ni wai lokacin magani ya yi, in na kai mata ba ta ɗakin. Ɓuya take yi, ba ta son ɗaci."

Ina 'yar shekara bakwai na yi fama da ciwon ƙirji, wata da watanni ina shan magani. Can Umma take yanzu. Ni ina nan ina murna da "ga ni nan", ashe tashi take ta nufi ɗakina da kofi a hannu.

Asabar, 15 ga Maris
Na yi abin kunya. Na ɗaga mata murya: "Umma, shekarata talatin da takwas! Ke ce ba ki da lafiya, ba ni ba!" Sai ta ce a hankali, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Na kashe wayar na yi kuka. Ban gaya wa Yaya komai ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Ina wanke-wanke na tuna. Ba na taɓa haɗiye magani sai ta riga ni. Takan jefa wani abu a baki, ta kora da ruwa, ta buɗe min bakin in gani. Har yau ban san me take haɗiyewa ba.

Talata, 18 ga Maris
Na sayi bitamin. Mai ɗinki ta yarda ta dinga zuwa da safe, ta riƙe waya mu ga juna, ta miƙa wa Umma ƙwayarta. Na ɗaga tawa na ɓata fuska na ce ba zan sha ba.

"Ji min 'yar banzar yarinya! Duba, ni ma zan sha."

Ta sha. Ta buɗe baki, ta ɗaga harshe. "Saura ke."

Mai shara ya wuce ni a matakala ina wangale baki gaban waya, ƙatuwa da ni. Ya gaishe ni da ladabi ya ƙara sauri.

Alhamis, 20 ga Maris
Na gaya wa likita, ya ce madalla, in dai a kan idon wani take haɗiyewa. Na gaya wa Yaya, har da ƙwaya goman. Ya yi faɗa, kuma da gaskiyarsa.

Laraba, 2 ga Afrilu
Yaya ya je gida da akwatunan kwasar kaya a bayan mota. Shi ya riƙe wayar yau. Umma ta haɗiye tata a gabansa, ta ɗaga harshe. Na ji ya gyara murya ya ce wa Mai ɗinki, "A bar ta a ɗakinta tukuna." Tukuna. Na karɓa hannu bibbiyu.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Lafiya lau, ba a tsallake ko rana ɗaya ba. Ta haɗiye tata tun a mintin farko, aiki ya ƙare, Mai ɗinki ma ta ce hannunta ya gaji. Ni ce dai na ci gaba da maƙe kafaɗa. Ta yi ta lallashi, "Haba Autata, haba 'yar albarka, daure ki sha."

Na makara a ofis minti goma. Na ce musu cunkoso ne.