Ashe Kaka Ma Gudu Ya Yi

Zuwa ga mahaifina, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uba, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama.

Baba, na ji abin da ya girgiza ni.

Ka san tun da muka gudo daga garinmu muka sauka Kuchigoro a Abuja, ni da ƙanena Habu ba mu daina gardama ba. Ni na riƙe maganarka: mutum ba ya cika mutum sai a ƙasar kakanninsa. Shi kuwa ya samu aiki a wata masana'anta a Idu, ya ce gida shi ne inda tukunya ke tafasa. Ya ga fili a Kubwa, yana so mu haɗa hannu mu saya. Na ƙi. Na ce sayen fili a nan binne garinmu ne.

Na tuna yadda kake zaunar da mu bayan la'asar kana cewa tunani murhu ne mai duwatsu uku: abin da ya kamata, abin da zai yiwu, da abin da ya riga ya faru. Na ɗauki na farko, Habu ya ɗauki na biyu. Na ukun babu wanda ya waiwaya.

Ranar Juma'a Goggo Ladi, yayarka, ta gaji da hayaniyarmu. Ta gaya mana cewa Kaka, mahaifinka, ba ɗan garinmu ba ne. Yunwa ce ta koro shi daga wani ƙauye, ya iso da tabarma ɗaya, aka ba shi gefen gona. Shi ma ya yi ta cewa zai koma, har ya rasu.

Innalillahi! Ashe garin da nake kuka a kansa, shi ma Kuchigoron wani ne. Baba, ka sani ka yi shiru? Ko kai ma ba ka so ka sani ba?

Ban daina son garinmu ba, wallahi. Amma gobe zan bi Habu mu ga filin nan, kuma zan gaya wa 'ya'yana gaskiya: mu jikokin baƙo ne da aka yi wa wuri.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya jiƙan Kaka, Ya saka wa wanda ya ba shi gefen gona.

Ɗiyarka mai kewarka,
Hauwa