Hantar Baba ce, ba aljanu ba

Alƙahira, Yuni 1999

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna, da su Mairo, da duk mutanen Ƙofar Marusa. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, karatun likita na tafiya, abinci ne dai ya daina shiga tun da saƙonka ya iso.

Ka ce Baba ya koma barcin rana, idanunsa sun yi rawaya, hannuwansa na karkarwa, yana kiran Inna da sunan marigayiya mahaifiyarsa. Sai kuka taru kuka yanke cewa aljanu ne. Madalla. Soja sun sauka, kowa ya samu ƙuri'a, har a kan jikin Baba.

Yaya, masu irin wannan ciwon nake gani kullum. Hanta ce ta kasa tace jini, dattin ya hau kai. Jiƙon sassaƙen da kuke ɗura masa kuwa ƙarasa ta yake yi. A ci gaba da addu'a, amma ranar da wannan takarda ta same ka, a kai shi asibiti a auna jininsa. Ba sai bayan Juma'a ba.

Don Allah, Yaya. Ina so in na dawo ya gane ni.

Ƙanwarka,
Zulaihat